"Ai ba na jin komai": muhawara kan hawan jini, ciwon suga da sankara

Dakta Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna kan cututtukan da ba a ɗaukar su daga wani, irin su hawan jini da ciwon zuciya, ciwon suga, sankara, da cututtukan huhu masu daɗewa. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan uku cikin kowane mutum huɗu da ke mutuwa a duniya ɗaya daga cikinsu ce ke yin ajalinsu. Mutane sun saba da ciwon da ke zuwa da zazzaɓi, a sha magani kwana biyar ya tafi. Waɗannan kuwa shigowa suke ba sallama, su shekara goma suna ɓarna a jijiyoyin jini mutum yana ta harkokinsa. Ranar da ya fara ji a jikinsa, galibi ƙoda ko ido ko zuciya sun riga sun taɓu. Awo ne kaɗai ke tona musu asiri da wuri. Mu fara da hawan jini, don shi ne ya fi yawa.

Sista Rakiya: Wa alaikumus salam Dakta. Kafin a kai ga lamba, a gyara yadda ake awon, don rabin rikicin daga nan yake. Mutum ya zauna minti 5 bai yi magana ba, bayansa a jingine, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ba harɗe ƙafa. Hannu a ɗora kan tebur daidai saitin zuciya. Kada ya sha sigari ko kofi, ko ya yi aikin ƙarfi, a cikin minti 30 kafin awon, kuma in yana jin fitsari ya fara zuwa ya rage. Ɗamarar na'urar a kan fatar damtse ake ɗaura ta, ba a kan riga mai kauri ba. Sai babban kuskuren da ba a kula da shi: ƙaramar ɗamara a kan babban damtse tana ba da lamba sama da gaskiya. Mai jiki sai a ce masa jininsa ya hau, alhali ɗamarar ce ta yi masa kaɗan. A auna sau biyu, minti ɗaya ko biyu tsakani.

Ɗanlami: Sista, to wace lamba ce hawan jinin? Wani ya ce 140/90, wani ya ce 130/80. Mai karatu ya kama wanne?

Dakta Habu: Duka biyun suna nan a rubuce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiransa hawan jini idan lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, a ranaku biyu daban-daban. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka sauko da nasu layin zuwa 130/80. Lambar sama ƙarfin turin jini ce lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Haɗarin ba daga kan layi yake farawa ba, yana ƙaruwa ne a hankali yayin da lambar ke hawa, layin kuwa mutane ne suka ja don a san inda za a fara magani. Mai suga ko ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ana so a riƙe shi kusa da 130/80. Wanda ke awo a gida kuma, 135/85 ne nasa layin, don jini kan ɗan hau a gaban likita saboda fargaba. Ya auna safe da yamma kwana 7, ya watsar da na ranar farko, ya ɗauki matsakaicin sauran.

Malam Isiyaku: Bari in shigo ta ɓangaren magani, don nan ne ake tafka asara. Mutum ya sha ƙwaya wata ɗaya, ya auna ya ga 125/80, ya ce na warke, ya ajiye. Ƙwayar ce ta riƙe jinin, ana dainawa zai koma inda yake cikin kwanaki ko makonni. Na biyu, mutane na gudun magani saboda abin da yake jawowa, ba su san ana canzawa ba. Amlodipine kan kumbura idon sawu. Lisinopril da danginsa kan kawo busasshen tari mai naci, sai a mayar da mutum kan losartan. Su biyun nan, lisinopril da losartan, mai juna biyu ba ta shan su ko kaɗan, suna illata ɗan tayi. Kuma bincike ya nuna a jikin baƙar fata amlodipine ko masu sa fitsari irin su hydrochlorothiazide sun fi saukar da jini in an ba da su su kaɗai. Da yawa ƙwaya ɗaya ba ta isar su, sai an haɗa biyu ko uku, kuma wannan ba alamar ciwo ya gagara ba ce.

Ga wani da ba a faɗa: ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake sha kullum don ciwon gwiwa da baya, suna ɗaga jini, suna kuma cin ƙoda. Mai hawan jini ya tsaya kan paracetamol sai in likita ya ce wani abu daban.

Sista Rakiya: Gishiri kuma, ƙasa da giram 5 a yini, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi, dunƙulen ɗanɗano da abincin gwangwani. Idan a jikin kwali sodiyam aka rubuta, a ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni in an rage a hankali.

Hajiya Turai: Ƙanina Dakta, ina da gyara a maganarka ta farko. Ka ce ba a ɗaukar su daga wani. Ita sankarar ba a ɗauka, gaskiya ne, ko ka kwana ka tashi da mai ita. Amma wasu daga cikinsu ƙwayar cuta ce ke shuka su, ita kuma ana ɗauka. Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar HPV take, wadda ake ɗauka ta saduwa, kuma nau'i biyu kaɗai, 16 da 18, su ke da kusan kashi 70 cikin 100. Sankarar hanta mafi yawanta daga ciwon hanta nau'in B da C. In muka ce wa mutane babu ruwan waɗannan cututtuka da ƙwayar cuta, za su ce to rigakafin na mene ne?

Dakta Habu: Na karɓi gyara, Yaya Hajiya. Har a zuciya ma akwai irin haka: ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta a yaro, in ba a yi maganinsa ba, yana iya komawa ya lalata ƙofofin zuciya bayan shekaru. Ki ci gaba da bayanin rigakafin.

Hajiya Turai: Allurar HPV 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ake fi nema, don tana aiki ne kafin a haɗu da ƙwayar, ba ta korar wadda ta riga ta zauna. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda cewa allura ɗaya ma tana wadatarwa a wannan shekarun. Manyan mata kuma gwaji ne nasu, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10 in gwajin HPV ne. Mai ɗauke da HIV daga 25 take farawa, kuma tazararta ta fi gajarta, shekara 3 zuwa 5. Dalilin da gwajin ke ceto shi ne daga shigar ƙwayar zuwa zamanta sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. A wannan tsakanin akwai wani sauyi a fatar bakin mahaifa da ake gani, a ƙone shi ko a daskarar da shi cikin 'yan mintoci, mace ta koma gida a ranar. Ta ciwon hanta B kuma, allurar farko a cikin awa 24 da haihuwa ake so jariri ya samu, don wanda ya ɗauka yana jariri shi ne ƙwayar ta fi zama a jikinsa har girma.

Kada a manta da hatsi da gyaɗar da suka yi funfuna a ma'ajiya mai danshi. Akwai dafin da funfunar ke fitarwa, aflatoksin, dafuwa ba ta kashe shi, kuma in ya haɗu da ciwon hanta B haɗarin sankarar hanta ninkuwa yake.

Malama Bilki: Ku ba ni dama in koma kan suga, don lambobinsa ma ana cakuɗa su. Manyan hanyoyin tabbatarwa uku ne. Awon safe bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa: 126 ko sama. Awon awa 2 bayan an sha giram 75 na gulukos: 200 ko sama. Ko gwajin HbA1c: kashi 6.5 ko sama. In mutum ba shi da alamomi, sai an maimaita kafin a yanke hukunci. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke ƙirga, sai ka ga 7.0 a maimakon 126. A ninka ƙaramar lambar sau 18, za a samu babbar. Ana samun wanda zai ga 7 ya ce sugansa ya faɗi ƙasa warwas, ya je ya sha zaƙi.

HbA1c yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, saboda sugan yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma kwana 120 suke rayuwa. Shi ya sa duk abin da ya taɓa rayuwar ƙwayoyin nan yana ɓata sakamakon: sikila, ƙarancin jini, ƙarin jini na kwanan nan, juna biyu. Mai sikila a bi shi da awon suga kai tsaye.

Ɗanlami: Anti Bilki, shan zaƙi ne ke kawo shi ko gado ne? Kuma wai ana warkewa? Don masu tallar magani kullum cewa suke suna da wanda ke tumɓuke shi.

Dakta Habu: Iri biyu ne manya, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke kawo ruɗani. A nau'i na ɗaya garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, a fankiriyas, wata 'yar tsoka da ke bayan tumbi. Galibi yara da matasa yake kamawa, da ƙishirwa da yawan fitsari da rama cikin makonni. Babu ruwansa da zaƙi, kuma babu ƙwaya ko ganyen da zai maye allurar insulin. Kafin masana Banting da Best su fitar da insulin a Toronto a 1921, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. Duk wanda ya sa aka ajiye wa irin yaron nan allura, ya mayar da shi wancan zamanin.

Nau'i na biyu shi ne sama da kashi 90 cikin 100. Insulin yana nan, amma jiki ya daina sauraronsa, musamman in kitse ya taru a ciki da hanta. Fankiriyas ta yi ta ƙara aiki har ta gaji. Gado yana da hannu sosai, ƙiba da zama wuri ɗaya su ke tayar da shi. Zaƙi, musamman lemon kwalba, ta hanyar ƙiba yake shigowa.

Batun warkewa: a wani bincike da aka yi a Birtaniya, mai suna DiRECT, wanda aka fitar a 2017, kusan rabin waɗanda aka ɗora kan tsarin rage ƙiba sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara ɗaya, kuma a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, sama da kashi 80 ne. Amma waɗanda ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba aka ɗauka, kuma likitoci lafawa suke kiran abin, don in ƙibar ta dawo shi ma yana dawowa.

Malam Isiyaku: Ni ina ɗari-ɗari da yaɗa wannan binciken, Dakta. Mutum zai ji "ba tare da magani ba" ya tsallake sauran. Waɗancan a ƙarƙashin kulawa aka yi musu, ana auna su ana rage ƙwaya da lissafi. Mai shan ƙwayar suga irin glibenclamide ko mai allurar insulin in ya yanke abinci da kansa, sugansa faɗuwa zai yi, wannan kuma yana iya kayar da mutum nan da nan.

Dakta Habu: Haka ne Malam, amma ɓoye shi ma ba daidai ba ne. Wanda aka gano yau, mai ƙiba, ya cancanci ya san akwai ƙofa. Sharaɗin shi ne ya bi ta hannun mai duba shi.

Malam Isiyaku: To mun haɗu a nan. Tunda an taɓo faɗuwar suga: ƙasa da 70 ke nan, ko 3.9. Alamunsa gumi, karkarwa, yunwa mai tsanani, bugun ƙirji, ruɗewa. In yana cikin hayyacinsa a ba shi giram 15 na sukari, kamar babban cokali ɗaya a ruwa, ko rabin kofi na lemo mai zaƙi. A jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, shaƙewa zai yi. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Maganin suga na metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga haka. Matsalarsa ciki ce, tashin zuciya da gudawa a farko. Shi ya sa ake farawa da miligiram 500 tare da abinci, a riƙa ƙarawa mako-mako. Wanda ya shekara da shekaru yana sha a duba masa bitamin B12, kuma in ƙoda ta yi rauni sosai ana dakatar da shi. Insulin da ba a buɗe ba a firji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wanda aka buɗe yawanci kwana 28 ne, nesa da rana da zafi. Sannan masu shan dexamethasone ko prednisolone don su yi jiki, su sani suna kiran suga da hawan jini da hannunsu.

Sista Rakiya: Ƙafa, jama'a. Suga yana kashe jijiyoyin ji, ya kuma toshe ƙananan hanyoyin jini. Sai mutum ya taka ƙusa bai ji ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa don jini ba ya isa wurin. Daga nan ake kaiwa ga yanke ƙafa. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana, da madubi in ba a iya sunkuyawa. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar ɗaki. A zazzage takalmi kafin a sa. Ruwan wanka da gwiwar hannu ake gwada zafinsa. Farce a yanke shi a miƙe, kada a bi kusurwa da reza. Sau ɗaya a shekara kuma a duba bayan ido, a gwada fitsari don ganin ko furotin na zuba, don ƙoda tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji komai ba.

Ɗanlami: To wanda yake bakin layi fa, awonsa na safe 110 ko 115?

Malama Bilki: Shi ne ya fi kowa riba in ya motsa. A wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002, masu irin wannan lamba da aka sa su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar sauri minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba metformin kawai, kashi 31. Mai kilo 90, kilo 6 da ɗoriya ake magana. Minti 150 kuma minti 30 ne sau biyar, da saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Ga awo mai sauƙi: zagayen ƙugu daidai saman cibiya kada ya kai rabin tsayin mutum.

Hajiya Turai: In koma kan sankara kaɗan, don akwai tsoro guda da ke kashe mata. Ana cewa in ƙarfe ya taɓa ƙullutun mama sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne mace takan zauna da ƙullutu shekara guda ko biyu, sai ya riga ya bazu sannan ta zo, a ɗebi tsoka da allura, ta rasu bayan watanni, a ɗora wa allurar laifi. Ɗiban 'yar tsoka a duba ta a madubin likita ita ce kaɗai hanyar sanin ko sankara ce, da kuma wane iri ce, don maganinsu ya bambanta: wata tana jin maganin da ke toshe sinadarin mata, irin tamoxifen, wata sai kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, wata sai an haɗa da gasa wurin da hasken na'ura. Mafi yawan ƙullutun mama ma ba sankara ba ne. Kuma rashin zafi ba abin kwantar da hankali ba ne, don ta farko-farko galibi ba ta ciwo. Abubuwan da ba a jira da su: ƙullutu a mama ko hammata, kan nono da ya shige ciki ko yake fitar da jini, jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, jini a bayan gida ko fitsari, tari ko dishewar murya da ta wuce mako uku, wahalar haɗiya, rama ba dalili.

Sigari kuwa ita ce igiyar da ta ɗaure dukansu. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai wajen 70 masu jawo sankara, tana kuma ƙara toshe jijiyar da suga da hawan jini suka riga suka raunana. Shisha ba ta fi ta sauƙi ba, ruwan ba ya cire dafin hayaƙin.

Ɗanlami: Mama Hajiya, Allah ya saka. Tambaya ta ƙarshe ga Dakta: wasu na shan asfirin kullum wai don kare zuciya. Kowa ya fara?

Dakta Habu: A'a. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewa, shi ake ɗora wa, tare da maganin rage kitsen jini irin atorvastatin. Lafiyayye in ya ɗora wa kansa, zubar jini a ciki da zai iya jawowa takan cinye amfanin. Inda asfirin ke da aiki na gaggawa shi ne lokacin bugun zuciyar kansa: nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi, ya wuce 'yan mintoci. A ba shi miligiram 300 ya tauna, in ba ya da rashin jituwa da shi kuma ba ya zubar da jini, a tafi asibiti nan take, kada ya tuƙa kansa. Mata da tsofaffi da masu suga wani lokaci ba sa jin ƙirjin, sai haki da kasala da amai, a yi ta ba su maganin gyambon ciki.

Malam Isiyaku: Amma a shanyewar ɓarin jiki kada a ba da shi a gida.

Dakta Habu: Ko kusa. Iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta, kuma daga waje kamanninsu ɗaya: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke raba su, asfirin kuma a kan fashewa ƙara zubar jinin yake. Kada a ba shi ruwa ko abinci don haɗiya takan lalace, kada a yi ƙoƙarin faɗo da jininsa da ƙarin ƙwaya. A duba agogo a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, don allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi ake yin ta, kuma wannan lokacin shi ne abin da za a fara tambaya a bakin ƙofa. Ko da alamun sun washe bayan minti goma, a je a ranar.

Sista Rakiya: A tafi da duk kwalayen magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, da takardar da yake rubuta awonsa in yana da ita.